Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Mu Koma ga Tsofaffin Littattafanmu na Hikaya

Daga wani malamin Hausa, ɗan wannan reshe



Duk wanda ya zauna a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a ƙarshen daminar 2021 ba zai manta da lokacin da aka wayi gari waya ta zama kamar dutse a aljihu ba. A watan Satumba na shekarar ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun nan, saboda ta'asar 'yan bindiga. An rufe kasuwannin dabbobi, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Da an idar da sallar isha'i kowa sai ya ja ƙofarsa ya sa sakata. Ba kira, ba saƙo, ba Facebook. In kare ya yi haushi daga nesa, gida duka a kasa kunne a ji ko na lafiya ne.

A cikin waɗannan darare ne na buɗe wata tsohuwar adaka ina neman wata takarda, sai na ci karo da littattafai huɗu da na yi shekaru ban waiwaye su ba: Ruwan Bagaja, Jiki Magayi, Shaihu Umar da Gandoki. Gara ta ɗan taɓa gefen biyu daga cikinsu. Don dai in kawar da hankalin yara daga tsoro, na haska tocila na fara karanta musu Ruwan Bagaja a bayyane. Ban kai ƙarshen babi na biyu ba sai ga uwargida ta bar wanke-wanke ta jawo tabarma. Kafin mako ya zagayo, 'ya'yan maƙwabta biyu sun riƙa shigowa tun magariba, su kwana tare da nawa. A gidan da aka yi makonni ba a ji dariya da dare ba, sai ga shi ni ne mai cewa a rage murya.

Tun daga lokacin nake son in yi wannan magana da ku. Ra'ayina shi ne, mu malamai mun yi sake da wani babban makami da muka gada. Tsofaffin ƙagaggun labaran nan masu ɗauke da soyayya da raha da ɓoyayyen al'amari, waɗanda suka faru a zamanin kakanninmu, an rubuta su ne domin a ji daɗinsu. Mu kuwa mun mayar da su kayan jarrabawa. Muddin ba mu dawo musu da daɗinsu ba, a gidajenmu da azuzuwanmu, za mu ci gaba da yaye yaran da suka san sunan littafi da sunan marubucinsa, amma ba su taɓa kwana da ɗokin sanin abin da ke shafi na gaba ba.

Mu fara tuna waɗanda suka rubuta su. A shekarar 1933 hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: huɗun da na ambata, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Gandoki, shi ma malamin makaranta ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma yana riƙe da alli a Bauchi sa'ad da ya rubuta nasa, shekaru da dama kafin ya zama Firayim Minista. Ashe ke nan tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun 'yan'uwanmu malamai ya tsiro, kuma jiharmu na da kaso mai tsoka a ciki. Mutane ne da suka tsaya gaban allo kamar yadda muke tsayawa, suka san yadda idon yaro ke lumshewa in darasi ya yi nauyi, suka kuma san abin da ke buɗe shi.

Abu na farko da ke buɗe shi raha ce. Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman wani ruwa da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan sarki, domin ya wanke mijin uwarsa daga kunyar da aka ba shi a fada. Manufar tafiyar mai nauyi ce, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe. Duk garin da suka haɗu, sai ɗayansu ya ƙulla wa ɗaya tsiya ya jefa shi hannun alƙali ko dogarai, gaba kuma a rama da wadda ta fi ta. A ƙarƙashin dariyar nan Imam yana tsokanar malaman ƙarya, da masu shari'ar son zuciya, da jama'ar da ake yaudara da rawani da dogon gemu. Yaro zai yi dariya ya wuce, bai san an dasa masa wani abu a zuciya ba, sai ranar da ya girma ya ci karo da Zurƙen zamaninsa ya gane shi.

Na biyu soyayya ce, da jan ran da ke biye da ita. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tare, ya ginu ne a kan Abubakar da Zainabu, masu son juna tun ƙuruciya a garin Galma. Sai ga attajiri Malam Shehu, wanda ya tara dukiya amma bai samu haihuwa ba, ya shigo neman aurenta. Dukiya ta yi rinjaye, aka ɗaura aure, Abubakar kuma ya bar gari ya shiga dazuzzuka neman abin da zai rama da shi. Yadda wannan ramuwa ta faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda bai ji ba bai gani ba, da inda ta kai gidan gaba ɗaya, ba zan faɗa a nan ba, don kada in ɓata wa wanda bai karanta ba. Abin da zan ce kawai, a daren da muka kai tsakiyar littafin, 'yata ta fari ta ɓoye tocilar a ƙarƙashin matashinta, da kowa ya yi barci ta ƙarasa shi ita kaɗai. Da safe na ga idonta ya yi ja, na yi kamar ban gani ba. Yarinyar da nake fama da ita ta karanta shafi ɗaya na littafin makaranta, ga ta ta cinye rabin littafi a dare guda, ba bulala, ba alkawarin maki.

Na uku tarihi ne, wanda yake shiga jiki ba tare da an haddace shi ba. Gandoki ya ɗauki mai karatu zuwa zamanin zuwan Turawa, daga yaƙin Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse har zuwa Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, kafin labarin ya tsunduma duniyar aljannu. Shaihu Umar kuwa yana ba almajiransa labarin rayuwarsa ne: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Soyayyar da ke cikin wannan littafi ta uwa da ɗa ce, kuma ban san wata da ta fi ta ƙarfi a adabinmu ba.

Na koyar da Shaihu Umar sau da yawa a aji, ina bayanin cinikin bayi da fataucin hamada kamar abin da ya wuce ya ƙare. Amma a daren da na karanta wa iyalina inda uwar ta fita neman ɗanta, sai tsakar gidan ta yi tsit. Ba a fi wata tara ba ke nan da daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye mata suka yi kwana shida suna zarya a bakin ƙofar makarantar kafin Allah ya dawo da su. Uwargida ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, ci gaba." Ranar na fahimci cewa littafin da aka rubuta kusan shekara 90 da suka wuce ya ba mu kalmomin da za mu faɗi abin da ke cinmu, wanda mu da kanmu muka kasa furtawa.

To, ina muka kai wannan dukiya a makarantunmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawa daga cikinmu littafi ɗaya ne a hannun malami, ɗalibai saba'in ko fiye suna kallonsa. Sai mu cika allo da jigo, da warwarar jigo, da zubi da tsari, da salo, da jerin taurari, yara su kwafe su haddace. Yaro zai iya gaya maka babban jigon Jiki Magayi ba tare da ya taɓa jin tausayin Kyauta ba. Zai lissafa maka halayen Malam Zurƙe bai taɓa yi masa dariya ba. Tamkar a kwatanta wa mutum ɗanɗanon zuma ne da baki, a kuma yi masa jarrabawa a kai. Ba na raina nazari, aikina ne, kuma jarrabawar kammala sakandare na nemansa. Sai dai nazari bayan jin daɗi yake zuwa. Wanda bai so labari ba, me zai nazarta a cikinsa?

Ni ma ina da nawa laifin. Shekarun baya, a wata makaranta da na koyar, na kama wata ɗaliba tana karanta littafin soyayya a ƙarƙashin tebur ina tsakiyar darasi. Na ƙwace, na yi mata faɗa a gaban 'yan aji, na kulle littafin a durowa har zango ya ƙare. Hana ta karatu a lokacin darasi daidai ne. Kuskurena shi ne ban ba ta wani a madadinsa ba. A ajin nan kaf ita kaɗai ce ke karatu ba don an sa ta ba, ni kuma abin da na koya mata a ranar shi ne karatun jin daɗi laifi ne. Da na san abin da na sani yau, da bayan an tashi na miƙa mata Jiki Magayi na ce ta zo mu tattauna in ta gama.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wasu za su ce labaran soyayya na ɓata tarbiyya. Wannan muhawara ta daɗe. Har ta kai a 2007 an tara littattafan soyayya an ƙona a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Gaskiya ne a cikin abin da ake rubutawa, musamman wanda ke yawo a wayoyi yanzu ba mai tacewa, akwai wanda uba ba zai so 'yarsa ta gani ba. Amma maganin gurɓataccen ruwa shi ne a kawo mai tsabta, don ƙishirwa ba ta jin faɗa. Yarinya mai shekara goma sha biyar za ta nemi labarin soyayya ko mun so ko mun ƙi. Gara ta same shi a inda aka nuna mata ƙarshen kwaɗayi da ƙarshen ramuwa. Kuma zaɓin na da faɗi. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya. Ga kuma maƙwabciyarmu Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, wadda ta yi amfani da labarin soyayya ta kwaɗaitar da 'yan mata neman ilimi.

Wasu kuma za su ce, a yankin da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, makarantun ƙauyuka da dama suka daɗe a rufe, malami na jiran ƙarin girman da ya makale, wa ke da sukunin hikaya? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma amsata daga cikinta ta fito. Kowannenmu ya ga yaran da aka yi gudun hijira da su daga ƙauyuka aka zuba a azuzuwanmu na cikin gari, wasu sun yi shekara biyu ko uku ba su riƙe fensir ba. Yaro ɗan aji shida yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Irin wannan yaro ba zai cike giɓin da ya samu da darasin minti arba'in kaɗai ba. Karatu sai da yawan yi, kamar saƙa ko tuƙin keke, kuma ba wanda ke yawaita abin da ba ya jin daɗinsa. Labari mai jan rai shi ne ke sa yaro ya yi ta fama da kalma mai wuya don ya san abin da ya faru da wanda yake tausayi. Ban da haka, yaron da ya kwana yana jin harbi yana da haƙƙin ya yi dariya. Rabin sa'a tare da Malam Zurƙe ba za ta kori ɗan bindiga daga daji ba, amma tana tuna wa yaro cewa duniya ta fi tsoron da ya sani faɗi.

Akwai kuma masu cewa littattafan sun tsufa, akwai bauta da tsafi da kallon raini ga wasu al'ummu a cikinsu, mata kuma sau da yawa ba a jin muryarsu. Haka ne, kuma a nan ne amfanin malami yake. A karanta, sa'an nan a tambayi yara: da ke ce Zainabu, me za ki yi? Laifin wa ya fi yawa, Malam Shehu ko iyayen da suka karɓi dukiyarsa ko Abubakar? Aji zai kaure da gardama, har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba ya yi magana.

Ba mu kaɗai muka gano wannan hanya ba. 'Yan'uwanmu malaman Larabci sun san Jurji Zaidan, wanda aka haifa a Bairut a 1861, ya zauna a Alƙahira, ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892. Ya lura mutane ba sa son karanta tarihi tsurarsa, sai ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da ashirin a kan tarihin Musulunci, kowanne da masoya biyu da wani sirri da ba a warwarewa sai ƙarshe. Malamai sun yi masa gyara a wurare, amma ya sa dubban mutane karatu. Malaman Turanci kuma sun san Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a Ingila a 1813, labarin neman aure mai cike da zolaya, har yau ana buga shi ana saye. Al'ummar da ta san darajar tsofaffin labaranta ba ta barin su ga ɗakin jarrabawa kaɗai.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu ga wannan reshe, waɗanda ba sa jiran kasafin kowa.

Na farko, kowane ɗayanmu, ko malamin lissafi ne ko na kimiyya, ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafan nan ya karanta a wannan zango, ba biro a hannu, ba niyyar koyarwa. Malamin da ba ya karatu don jin daɗi ba zai iya sa wa ɗalibi son karatu ba.

Na biyu, mu ware minti goma sha biyar a mako, ko da a ƙarshen darasin ranar Alhamis ne, mu karanta wa yara labari a bayyane. Sharaɗi biyu ne: ba tambayar jarrabawa a kai, kuma a tsaya daidai inda rai ya fi biyawa. Dabarar da aku ya yi ke nan a Magana Jari Ce, ya riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare ya hana shi fita zuwa ga halaka. Za ku ga yaran da ke fashi sun fara zuwa ranar.

Na uku, reshe ya kafa akwatin littattafai. Kowane memba ya duba adakarsa ya kawo abin da ya samu, wanda ba shi da shi ya sayi guda in ya shiga Funtuwa ko Katsina ko Zariya. A raba su akwati-akwati, a sa littafin rajista a kowanne, a riƙa musanyawa tsakanin makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a duk lokacin taron reshe. Wasu za su yage, wasu za su ɓace. Littafin da ya yage a hannun yara ya fi wanda gara ta ci a adaka.

Na huɗu, idan shugabanninmu sun zauna da hukuma a kan albashi da ƙarin girma da tsaron makarantu, su sa ɗakin karatu a cikin jerin buƙatu. Neman littafi ga ɗalibi neman kayan aiki ne ga malami.

Ku kuma iyayen gida, mata da maza, da ke karanta wannan mujalla tare da mu, ba sai kun yi boko mai zurfi ba. Ku ce wa yaro ya karanta muku shafi biyu bayan cin tuwon dare. Ku yi dariya inda ya dace, ku tambaye shi abin da ya faru gaba. Kakanninmu mata da tatsuniya suka yi renon hankalinmu a tsakar gida, wannan ma ci gaban waccan ce.

An dawo da layukan waya tun tuni, kowa ya koma kan tasa, gidana ma haka. Amma daren Juma'a ya zama na littafi a wurinmu, kuma yanzu ba ni ke karantawa ba. Ƙaramin ɗana ne, wanda a 2021 bai iya haɗa baƙi biyu ba, yake riƙe tocila yana yi mana muryar Malam Zurƙe.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu, ya buɗe makarantun da ke rufe, ya jiƙan malaman da suka riga mu gidan gaskiya suka bar mana wannan gado. Amin.